Daga Garka Zuwa Gwamnati: Kira ga Ma'aikatan Agadas

Wata Laraba da hantsi, a lokacin da albasar Tabelot ke saukowa gari, na tarar da leburori goma sha ɗaya zaune a inuwar wata babbar mota, sun ƙi taɓa buhu ko ɗaya. Mai kayan ne ya zaftare musu dala biyar a kan kowane buhu, wai kasuwa ta faɗi a Kudu. A bakin mai kaya dala biyar ba kuɗi ba ce. A wuyan wanda zai yini yana ɗaga buhu kuwa, idan aka tara ta, cefanen gidansa ne. Alhajin ya yi faɗa, ya yi rantsuwa, daga baya ya aiki yaro bakin kasuwa ya kirawo wasu. Suka zo su shida da gammonsu a hannu, suka dubi na zaune, suka dubi motar. Babbansu ya ce, "Alhaji, ai mun tarar da masu aikin a nan." Suka nemi gefen inuwa su ma suka zauna.

Albasa ba ta san haƙuri ba, balle a ranar Agadas. Kafin ladan ya kira azahar, dala biyar ta dawo inda take.

Wani dattijo mai shayi da ke gefe, wanda tun farko bai ce uffan ba, ya ɗaga butarsa sama yana tsiyayawa ya ce, "Yau dai na ga 'yan Sawaba da idona." Wani saurayi cikin leburorin ya tambaye shi, "Baba, ƙungiyar ƙwallo ce?" Aka yi dariya. Ni dariyar ba ta zo mini ba. Yaron nan ya gama yin abin da mutanen Sawaba suka yi shekara 70 da suka wuce, ya yi shi daidai ba kuskure, amma ba wanda ya taɓa faɗa masa cewa abin yana da suna, yana da tarihi, har ya taɓa ɗaukar mutum daga bakin rijiyar garka ya ɗora shi a kan gwamnatin ƙasar nan. Saboda shi da irinsa nake wannan rubutu.

'Yan'uwana ma'aikata, mutumin sunansa Djibo Bakary. An haife shi a 1922 a Soudouré, kusa da Yamai. Bazabarme ne, amma a Tawa ya tashi ya yi lakwal, shi ya sa Hausa ta zauna a bakinsa. Ya yi karatun malanta a makarantar William Ponty ta Senegal, inda Faransa ke horar da 'yan ƙalilan ɗin da za su riƙe mata alli da alƙalami. Da ya dawo aka tura shi koyarwa Birnin Ƙonni, aka kuma turo shi nan Agadas. Ku riƙe wannan: kafin ya zama kowa, mushe ne a garinmu, ya sha ruwan rijiyoyinmu, ya shaƙi ƙurar da muke shaƙa.

Agadas ɗin da ya tarar gari ne mai tabo. Tsofaffin lokacin sun ga yaƙin Kawsan da idonsu, sun ga yadda aka tsare barikin Faransawa daga Disamban 1916 zuwa Maris na 1917, sun kuma ga ramuwar da ta biyo baya, wadda ba ta bar ko malamai ba. Ƙwace raƙuman mutane don aikin Nasara yana cikin abin da ya hura wutar wancan yaƙi. Aikin dole kuma yana nan da ransa: gardi ya zo ƙauye, mai gari ya ba da mutane, a kora su fasa dutse ko share hanya, ba ko tamma. Sai 11 ga Afrilun 1946 aka soke shi a dokance. Kakanninmu da suka yi dakon duwatsu kyauta ba a tatsuniya suke ba, wasunmu sun zauna a cinyarsu.

A 1946 aka kafa jam'iyyar PPN, wadda ta zama reshen Nijar na RDA, ƙawancen jam'iyyun ƙasashen Afirka da ke hannun Faransa, daga baya Djibo ya ajiye alli ya zama sakatarenta. Da shugabannin RDA suka yanke shawarar sassautawa su shirya da gwamnatin mulkin mallaka a 1950, ya ƙi bin su, suka raba gari. Ga shi ba aikin gwamnati, ba jam'iyya, gwamna kuma na harararsa. Mai takardar Ponty a wancan zamani, da ya je ya durƙusa ya ce ya tuba, da ofis da albashi suna jiransa. Sai ya kama noman garka a Yamai, yana sayar da kayan miya.

Ku masu garka a Timia da Tabelot da gindin Bagzam kun san abin da wannan ke nufi fiye da ni. Kun san tashin asuba, kun san jan ruwa, kun san yadda ɗan kasuwa ke zuwa ya taya amfanin wata huɗu kamar yana yi maka alfarma. A cikin wannan aiki Djibo ya fara haɗa kan leburorin gona, daga nan ya shiga sauran masu ƙwadago, har ya zama jagoran haɗaɗɗiyar sandikar ma'aikatan Nijar mai alaƙa da CGT ta Faransa. Mutanensa su ne waɗanda ba a ba su kujera a taro: direbobi da yaran mota, magina, kukun gidajen Turawa, masinjoji, 'yan tireda, fatake masu bin kasuwannin ƙauye. Direba ya ɗauko magana daga Yamai, ya sauke ta a Maraɗi tare da kaya, wani ya ɗauka ya kai Damagaram, wani ya haura da ita Agadas. Ba rediyo gare su ba. Tasha ce gidan rediyonsu.

To me suka samo? Wannan ita ce tambayar da ta dace da mai aiki, don shi ba ya cin kirari. A ranar 3 ga Nuwamban 1952 ma'aikatan yankin Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa suka ajiye aiki rana guda, daga Dakar har inda labari ya kai, don majalisar Faransa ta daina jan ƙafa a kan dokar ƙwadago. Ranar 15 ga Disamba dokar ta fito. A cikinta akwai awa 40 a mako, da hutu mai albashi, da 'yancin kafa sandika, da 'yancin yajin aiki. Masu kamfanoni suka ce to, an rage awa, sai a rage kuɗi. A 1953 aka sake fita yaji, har da Nijar, Djibo na gaba, sai da aka ƙara albashi. Yau idan malamin asibiti ya tafi hutun shekara albashinsa na shiga, ko ma'aikacin Sonichar a Tchirozérine ya ƙirga awoyin da ya ƙara ya ce a biya shi, gadon waɗancan mutane yake ci, ko ya san sunansu ko bai sani ba.

Daga nan abin ya yi sauri. A 1954 ya kafa jam'iyyar UDN, wadda jama'a suka laƙaba wa Sawaba, kalmar da talakawan jam'iyyar NEPU ke ɗagawa a Kano tun 1950, kalmar da Hajiya Gambo ta Zariya ta ɗauka har ta zame mata suna. Iyaka ba ta hana kalma ƙetarewa, musamman idan ciwon iri ɗaya ne. Alamar RDA giwa ce, Sawaba ta ɗauki raƙumi. Mu mutanen Abzin ba sai an yi mana fassara ba. Giwa ta fi girma, amma a sa ta a hanyar Bilma a gani.

A ƙarshen 1956 aka zaɓe shi magajin garin Yamai, na farko da ƙuri'a ta ɗora. A Janairun 1957 yana cikin waɗanda suka kafa UGTAN a Kwatano tare da Sékou Touré, haɗaɗɗiyar ƙungiyar ma'aikatan Afirka baƙar fata da ta tsaya da ƙafarta. Ranar 31 ga Maris na shekarar aka yi zaɓen majalisar ƙasa, ɓangarensa ya ci kujera 41 cikin 60. A watan Mayu ya zama mataimakin shugaban majalisar gwamnati, gwamna Bafaranshe na riƙe da sunan shugaba, a Yulin 1958 kuma shugabancin ya dawo hannunsa gaba ɗaya. Ɗan ƙasa na farko da ya jagoranci gwamnatin Nijar ɗan sandika ne, mai kanta a tafin hannu. A faɗa wa yaran lakwal wannan, a faɗa wa yaran tasha.

Sai dai kujera 41 ɗin nan ba duka na talakawa ba ne, kuma a nan ƙafar ta fara gocewa. Don ya ci zaɓe sai da ya haɗa kai da BNA, jam'iyyar da sarakuna da manyan gari suka yi wa rumfa. Kura da akuya aka ɗaure a turke ɗaya. Da gwamnatinsa ta fara tuɓe wasu sarakuna, sauran suka shafa rawunansu suka ji ko suna nan.

Ana cikin haka Janar De Gaulle ya kawo zaɓen raba-gardama na 28 ga Satumban 1958: ko a ce "I" a zauna cikin tarayya da Faransa, ko a ce "A'a" a ɗauki 'yanci nan take. Djibo ya ce a'a. Faransa za ta iya haƙura da Gini, wadda ita ma ta ce a'a, amma Nijar fa? Dubi taswira. Arewacinmu na jingine da Aljeriya, inda yaƙi ke ci tun 1954. A Janairun 1957 Faransa ta kafa hukumar OCRS don ta haɗa yankunan Sahara ƙarƙashin hannunta, har da namu. A 1957 ɗin dai masu neman tagulla suka ci karo da yuraniyom a Azelik, nan yankin Ingal. A ganina, rabin abin da aka yi wa Djibo saboda ƙasar da muke takawa a nan Agadas aka yi shi. Aka turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, ana saura makonni zaɓe. Aka zuga sarakuna, mutanen BNA suka fice, sojoji suka yi ta kai da kawowa a ƙauyuka don a gani a ji tsoro. Da aka ƙirga, "I" ta tashi da kusan kashi 78 cikin 100, mafi yawan waɗanda aka rubuta kuma ba su ma fito ba. A watan Oktoba gwamnatinsa ta faɗi. A Disamba Diori Hamani, ɗan'uwansa kuma ɗan garinsu, ya hau. A Oktoban 1959 aka haramta Sawaba.

Daga Mayun 1957 zuwa Oktoban 1958, wata 17 ke nan. Iyakar zamansa a kujera. Awa 40 kuwa da 'yancin yaji, waɗanda aka samo da ƙafa da yunwa da haƙurin matan gida, gwamna Colombani bai iya naɗe su ya sa a aljihu ba. Suna cikin dokar ƙwadagon Nijar har gobe.

Ba zan ɓoye muku sauran labarin ba, don wanda ake so ba a yi masa rabin magana. Djibo ya yi gudun hijira, ya zauna Bamako da Accra da Konakiri. Magoya bayansa da yawa suka fake a Kano. Wasu samarin aka kai su horon soja a Aljeriya da Sin da wasu ƙasashe, a ƙarshen 1964 suka shigo da makamai ta iyakokin kudu da yamma, suna zaton ƙauyuka za su tashi su bi su. Ƙauyuka ba su tashi ba. Aka kama su, aka harbe wasu a bainar jama'a, aka cika gidajen kaso, wasu ba su fito da rai ba. A Afrilun 1965 aka jefa wa Diori gurneti a filin idi, ya tsira, matsi ya ƙaru a kan duk wanda aka taɓa gani da raƙumi. Hukuncina a nan ba shi da daɗi amma shi ne: abin da yajin aiki ya gina cikin shekaru, bindiga ta ƙone shi cikin makonni, kuma 'ya'yan talakawa ne suka biya. Mu a Abzin mun ga tawaye a shekarun 1990, mun sake gani a 2007, mun san wanda ke binne gawa da wanda ke sa hannu a takarda.

Bayan juyin mulkin Seyni Kountché a 1974 ya dawo gida, a 1975 aka tsare shi, ya yi shekaru a hannu. Ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, ƙuri'arsa ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba. Ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilun 1998. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa.

Amma kafin ya rasu ya ga wani abu. Ya ga an harbe ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990, ya kuma ga ƙungiyar ƙwadago ta USTN ta tsayar da ƙasa cak da yajin aiki, malamai da ma'aikatan ofis da na ma'adinai, har Janar Ali Saibou ya amince da jam'iyyu da yawa, aka buɗe babban taron ƙasa ranar 29 ga Yulin 1991. Ya ga mata sun cika titin Yamai ranar 13 ga Mayun 1991 don an so a shirya taron da mace ɗaya tak a kwamiti. Ba harsashi ko ɗaya a hannun waɗannan mutane. Hannu kawai suka naɗe, kamar leburorin albasa.

Yanzu mu dawo gida, mu dubi kanmu. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit. Fitilun wasu ƙasashe sun yi shekara hamsin suna ci da gumin mutanen nan, alhali hanyar da ke ɗauke da shi daga Arlit zuwa Tawa kowa ya san halin da ta shiga. Da aka rufe mahaƙar Cominak a Akokan ranar 31 ga Maris na 2021, ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan da ke ƙarƙashin 'yan kwangila. Ku tambayi mutanen Akokan bambancin da ke tsakanin wanda sunansa ke cikin takarda, sandika na zaune a teburin ciniki dominsa, da wanda ya shiga rami ɗaya ya shaƙi ƙura ɗaya amma a ƙarƙashin ɗan kwangila. Ba ƙarfin dantse ya raba su ba.

Kai ɗan'uwana mai haƙar zinariya, tun da Djado ta buɗe a 2014 kake bin rijiya daga can zuwa Tchibarakaten. Kana sauka da igiya da fitila a goshi cikin ramin da ba a tokare shi da komai ba. Ruwan da kake sha a kan bashi yake, abincin ma haka, kafin a raba abin da aka samu an cire na mai rijiya, an cire na mai injin, an cire na mai mota. In ƙasa ta rufta, waya ɗaya ake bugawa gida. Wa ya ce dole haka abin zai zauna? Ku goma da ke rijiya ɗaya, in kun ce ba mai sauka sai an tokare bango, sai an rubuta rabon kowa a gaban shaidu, mai rijiya ba zai sauka da kansa ba. Na san za ku ce akwai ɗari a bayanku masu jiran igiyar. Gaskiya ne. Shi ya sa aikin farko shi ne zama da waɗannan ɗarin, tun kafin ranar rigima.

Ku direbobin Sahara kun ga yadda doka ɗaya, ta 2015 a kan jigilar 'yan ci-rani, ta mayar da sana'ar da kuka gada laifi dare ɗaya, aka kama motoci suka ruɓe a rana, har zuwa Nuwamban 2023 da aka soke ta. An rubuta ta, an soke ta, ba wanda ya zo tasha ya ji ta bakinku. Ku 'yan kabu-kabu, ku maƙeran azurfa da kasuwarku ta mutu tun da baƙi masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, ku iyayenmu mata masu dukanci da saƙar tabarma, ku malaman kwantaragi masu jiran albashi kamar jiran damina a Tenere, ku masu yaɓen da ke hawa hasumiyar babban masallaci, mita 27 ta laka, kuna gyara ta: garin nan a kan wuyanku yake zaune. Ranar da kuka kwana biyu ba ku fito ba, mai rawani da mai kaki da mai kwat duk za su san haka.

Kuma ba sabon abu nake kawo muku daga waje ba. Wa ya taɓa ganin mutum ɗaya ya ɗauki raƙuminsa ya nufi Fashi da Bilma shi kaɗai? Ayari ake yi. Akwai madugu, akwai dokar tafiya, akwai rabon ruwa, wanda raƙuminsa ya faɗi a raba kayansa a kan na sauran. Sandika ayari ce. Kakanninmu sun san ta tun kafin a haifi wanda ya ƙirƙiro kalmar.

Abin da nake roƙonku kada ku zauna jiran wani Djibo. Ko ya zo, kun ji abin da wata 17 suka yi masa. Kuma ku yi hattara da ɗan sandikar da idonsa ke kan kujera tun ranar da kuka zaɓe shi, wanda ke shiga ofishin mai kamfani shi kaɗai ya fito yana murmushi ya ce a yi haƙuri. Mun ga irinsu, sun hau bayanmu sun wuce, ko gaisuwar Salla ba sa aikowa. Shugaban da ba a tambayarsa lissafi, ku ne kuka lalata shi. Maganinsa taro a kan lokaci, da littafin kuɗi a buɗe, da ciniki a gaban mutum uku ko huɗu.

Ku san haƙƙinku kuma, don mai aikin da bai san doka ba rabin albashinsa kyauta yake bayarwa. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jaka 42 ne tun farkon 2024. Wanda ya ɗauke ka aiki na wata da watanni wajibi ne ya rubuta ka a asusun CNSS, don ranar tsufa da ranar haɗari. Akwai ofishin sufeton ƙwadago, an buɗe shi ne domin kai, ba sai ka sa babbar riga za ka shiga ba. In ka je kai kaɗai za a iya ce maka ka dawo gobe. Ku je ku ashirin da takarda ɗaya mai sa hannun kowa.

Don haka ranar Juma'ar nan, bayan an sauko daga masallaci, ku nemi inuwa ku zauna, ku da kuke aiki wuri ɗaya. A sayi littafi na dala hamsin da biro. A rubuta sunan kowa, Ba'abzine da Bahaushe da Batube da Bafillace da baƙon da ya zo ci-rani jiya, kada a bar kowa a waje, don wanda kuka bari shi za a kira ranar da kuka zauna. A zaɓi ma'aji wanda aka san ba ya cin amana, ko da mace ce mai sayar muku da abinci, wataƙila ma ita ta fi. A yanka abin da kowa zai riƙa zubawa duk mako, komai ƙanƙantarsa, saboda ranar da wani zai karye ko ranar da za a kwana uku ba aiki. Kuma idan yaron wani Alhaji ya zo bakin kasuwa ya ce ku taso ga aiki, ku fara tambayarsa su wane ne ke zaune a inuwar motar.